Hannun Hagun Baba Bango

Baba Bango bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma idan ka tare shi a hanya ka tambaye shi ƙashi nawa ne a jikin mutum, kafin ka rufe baki zai ce maka ɗari biyu da shida. Sannan ya riƙe hannun rigarka ya ƙara maka da cewa na jariri sun fi haka, sai yana girma wasu ke haɗewa. Ko sauri kake yi, sai ka ji ƙarshen zancen.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yanka takarda a wata ƙaramar maɗaba'a da ke bayan tashar mota. Babban aikin gidan shi ne buga littattafan rubutu na 'yan makaranta, irin waɗanda ake cika bangonsu na baya da jadawalin lissafi, da manyan biranen ƙasashe, da ƙananan bayanai na ban mamaki. Kowane tulin bango sai ya bi ta gabansa kafin ya fita. Yana daidaita shi a kan teburin injin, idonsa na kan takardar sama, yana karantawa. Bugu ɗaya yakan wuce ta hannunsa sau dubbai, har abin ya zauna masa daram a kai. Daga nan abokan aiki suka laƙaba masa Bango, sunan ya bi shi gida, har ya danne na yanka.

Injin tsoho ne, na hannu. Tebur ne na ƙarfe, da wata faffaɗar wuƙa a rataye a samansa, da dogon hannun ƙarfe a ɓangaren dama wanda ake janyowa wuƙar ta sauko. Hannun hagu ke tura takarda, ya daidaita bakinta, ya danne ta, sannan ya janye kafin na dama ya ja. Baba yakan ce shi bai taɓa gaya wa hagunsa ya janye ba, shi ya san lokacinsa. Duk tsawon shekarun nan ko farce bai rasa ba. Yana shafa takarda da babban yatsa ya faɗi nauyinta. Yana ɗebo tuli ya ce ɗari biyar ne, a ƙirga a samu biyu ko uku kawai suka yi sama ko ƙasa. Babu wanda ya taɓa kiran wannan basira. Abin da mutane ke zuwa ji shi ne yadda yake faɗin babban birnin Mongoliya.

A gida ma ra'ayi ya rabu. Kawu, wan Mama, tsohon malamin makaranta ne, kuma duk zuwansa sai sun taɓa.

"Wannan ba ilimi ba ne, surukina," in ji shi. "Aku ma in ka maimaita masa zai riƙe."

"To Malam, wane ne ya ci jarrabawa amma ya kasa faɗin yawan ƙashin wuyan raƙumin dawa?" Baba kan amsa. "Bakwai ne, irin naka. Kuma ka san idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma? Duk sanda ka zare min ido sai na tuna da ita."

Mama ba ta shiga. Ita ɗinkin maɓalli da kalmasa take karɓa daga teloli, tana yi a tsakar gida. Idan Baba ya juyo ya jefa mata tambaya, sai ta ce, "Ni Malam ban san babban birnin ko'ina ba. Na san inda ka ajiye hularka dai." A yi dariya, a wuce. Kowa ya tafi a kan cewa a gidan nan kai na Baba ne, haƙuri na Mama.

Auta kuwa ta babanta ce gaba ɗaya. Yayyenta uku duk sun gudu daga tambayoyinsa tun suna ƙanana, ita kaɗai ta tsaya. Tun tana shekara biyar take zama a kan gwiwarsa tana jero koguna. Saboda shi ta karanta labarin ƙasa a jami'a. Ranar da ta kawo takardar digirinta gida, ya riƙe ta da hannu biyu, ya shafa da babban yatsa, ya ce takarda ce mai kyau, an yanka ta daidai. Sai daga baya ya juya baya ya goge ido. Wata bakwai ke nan tana gida tana jiran aiki, tana aika takardu ana shiru, kuma a cikin watannin nan wasan tambaya da amsa da suke yi da safe shi kaɗai ke tuna mata cewa ta taɓa sanin wani abu.

Wata ranar Talata da safe tana wanke fuska ta ji ƙara daga ɗakin Baba, kamar an yar da buhu. Ta tarar da shi zaune a ƙasa kusa da ƙofa, Mama na durƙushe a kansa.

"Tuntuɓe na yi," ya ce. "Wa ya matso da ƙofar nan?"

"Ƙofa tana inda take shekara ashirin, Malam," in ji Mama. "Kafaɗarka ka buga mata. Auta, zo ki duba babanki, ni ban gane masa ba."

Auta ta dake. Ita ce mai digiri a gidan, ita ake kallo. Ta taɓa jin cewa idan mutum ya faɗi ana yi masa tambayoyi a ga ko kansa na nan. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, yau wace rana ce?"

"Talata. Ke ce ba ki da aiki kike mance ranaku."

"Babban birnin Mongoliya?"

"Ulan Bato. Kawo mai wuya."

"Hasken rana minti nawa yake yi kafin ya iso duniya?"

"Takwas da 'yan daƙiƙu. Ya fi ki saurin tashi daga barci."

Auta ta fashe da dariya, irin dariyar wanda aka sauke wa kaya. Muryarsa tar, bakinsa bai karkace ba yadda za ta lura, ba'arsa na nan yadda take. Ta miƙe ta ce, "Mama, ƙalau yake. Wanda kansa ya taɓu ba zai faɗi Ulan Bato ba."

"Ni dai a je asibiti."

"Asibitin me?" Baba ya ɗaga murya. "Makarantu za su koma ranar Litinin, littafi dubu goma na jirana. Likitar gida ta ce ƙalau nake."

Mama ta kalli 'yarta. A gidan nan idan Baba da Auta suka haɗu a kan magana, an gama. Ta kawo masa shayi da burodi da ƙwai, ya ci, ya sa hula, ya fita. Auta ta ji ya sake bugun ƙyauren waje da kafaɗa, ta ji yana yi wa ƙyauren faɗa, har ta yi murmushi.

An fi awa ɗaya tana ɗaki tana gyara wata takardar neman aiki, sai Mama ta shigo riƙe da faranti. Ta ajiye shi a kan takardun.

"Mama, za ki ɓata min..."

"Duba."

Auta ta duba. Rabin farantin na dama tas, an suɗe har da gutsuren burodi. Rabin hagu kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Ƙwan yana nan, an yanke shi a tsakiya kamar da wuƙar injinsa.

"Wataƙila ya ƙoshi."

"Ya ce min ƙwan ya yi kaɗan. Yana gabansa yake ce min ya yi kaɗan." Mama ta buɗe tafin hannunta, agogon Baba ne a ciki. "Wannan kuma a kan tabarma ya bar shi. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya taka waje babu shi a hannu ba. Sannan gemunsa. Ke kina kallon bakinsa yana ba ki amsa, ni ina kallon kumatunsa. Ɓari ɗaya ya aske."

"Wane ɓari ya bari?"

Mama ta taɓa kuncinta na hagu.

Ƙofa a hagu. Faranti a hagu. Agogo a hagu. Sai a lokacin Auta ta haɗa su wuri ɗaya. Ba ta san sunan ciwon ba, ba ta san me ke faruwa a kan babanta ba. Abu ɗaya ta sani, don ta sha tsayawa a bayansa tana kallo: hagu ke danne takarda a ƙarƙashin wuƙa, kuma babu mai gaya masa ya janye.

Ta kira wayarsa, tana ta ringi ba a ɗauka, don in yana aiki a aljihun rigar da ya rataye yake barinta. Ta kira Manajan maɗaba'ar, wayarsa a kashe. Ta fizgi mayafi, ta zura takalmin Mama da ya yi mata yawa, ta fita da gudu.

Tafiyar minti ashirin ce a mota, amma ranar titin ya cushe tun daga shatale-tale. Wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya, direbanta na ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake gani. Auta na zaune a bayan tasi tana matse agogon a hannu, ba ta ma san ta taho da shi ba. Tara da kwata. Ta yi ƙoƙarin lissafa yanka nawa yake yi a awa, ta kasa, ta sake farawa. Mutumin da ke kusa da ita ya ce, "'Yan mata, lafiya kike rawar ɗari?" Da ta ga motar ba ta da niyyar motsi, ta buɗe ƙofa ta sauka, ta bi ta tsakanin motoci, takalmi ɗaya ya fice ta bar shi a nan.

Warin tawada ya tare ta tun daga ƙofar maɗaba'ar. Injin bugu na ta ƙugi a ɗakin gaba, ba a jin magana sai an ɗaga murya. Manaja ya fito daga ofis riƙe da wasu littattafai, fuskarsa a ɗaure.

"Yauwa, gara da kika zo. Me ke damun babanki yau? Dubi wannan. Tuli uku ya ɓata min, duk a karkace. Na yi masa magana ya ce idona ne. Ni ban taɓa..."

Ba ta tsaya ba. Ta wuce ta tsakanin tarin takardu zuwa ɗakin baya.

Yana tsaye a gaban injin, ya ba ta baya, yana 'yar waƙarsa ta aiki. Ya tura sabon tuli. Hannunsa na hagu ya bi takardar ya kwanta a kanta, yatsu huɗu sun ƙetare layin da wuƙa ke sauka. Ya zauna a nan, kamar safar hannu da wani ya manta. Hannun dama ya tashi ya kama ƙarfen.

Ta so ta yi ihu, ta ji tsoron kada ya firgita ya ja. Ta ɓangaren hagu ta zo, ta kira shi, "Baba." Tana dab da shi, numfashinta na taɓa rigarsa, bai waiwayo ba. Ta ga kafaɗarsa ta dama ta fara sauka. Ta cafki wuyan hannunsa da hannu biyu ta fizgo da duk ƙarfinta, suka yi baya tare suka bugi tarin takardu. Wuƙar ta sauko, ƙaf, ta raba tulin.

Baba ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kafin ya gan ta.

"Ke! Me kike yi a nan ba takalmi? Kin san hatsarin taɓa mutum yana yanka?"

Ta ɗaga hannun da take riƙe da shi ta kawo gaban fuskarsa, tana ƙirga yatsun da ido, ta sake ƙirgawa. Biyar.

Ya kalli hannun da kyau, ya kalle ta.

"Hannun wa kika riƙo min kuma?"

Manaja da ke bakin ƙofa ya saki littattafan da ke hannunsa. Shi ya kai su asibiti a motar raba kaya, Baba na gaba yana faɗa cewa ana ɓata masa lokaci, Auta na baya a kan kwalaye, riƙe da hannun ta tsakanin kujeru, ta ƙi saki.

Likitar mace ce, ba ta fi Auta da shekara goma ba. Baba ya karɓe ta da fara'a.

"Likita, kafin ki tambaye ni, ƙashi ɗari biyu da shida ne, kuma duk nawa suna nan."

"Madalla, Baba. Ni kuma zane nake so ka yi min." Ta miƙa masa takarda da biro. "Zana min agogo, ka sa lambobinsa duka."

Ya shafa takardar da yatsa, ya ce ba ta da nauyi. Ya zana da'ira mai kyau. Sannan ya fara rubuta lambobi, ɗaya, biyu, uku, ya gangaro, ya ci gaba da cusa su a ɓangaren dama, suna hawa kan juna, har sha biyu. Rabin hagu fari fat. Ya miƙa mata yana jiran yabo.

Bayan an ɗauki hoton kansa, likitar ta ja Auta da Mama gefe, don Kawu ya kawo Mama a lokacin. Ta ce wata jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, irin shanyewar ɓarin jiki ce, sai dai wannan ba ta taɓa magana ko abin da ya haddace ba. Abin da ta ɗauke masa shi ne lura da duk abin da ke hagunsa, har da sanin cewa wani abu ya same shi.

"Ƙarfe nawa kuka fara ganin alama?"

"Bakwai saura," in ji Mama.

Likitar ta duba agogon bango, ta rubuta wani abu. "A wannan ciwon kowace awa tana da muhimmanci. Me ya hana ku zuwa tun lokacin?"

Mama ta ce, "Ba mu gane ba ne, 'yata." Ba ta kalli Auta ba. Da ta kalle ta ma da ya fi sauƙi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Yanzu wata biyu ke nan yana gida. Ƙafarsa ta hagu na ɗan ja, hannun ya yi rauni amma yana motsi, kuma ya yarda nasa ne, ko da yake wani lokacin yakan bar shi a rataye a gefen kujera har sai an tuna masa. Manaja ya zo sau biyu. Ya ce wanda aka sa a injin sai ya auna da ma'auni sau uku kafin ya yanka sau ɗaya, kuma har yanzu ba ya kai rabin aikin Baba. Ya ce a da ya ɗauka kowa ma zai iya. Likita ta ce maganar komawa gaban wuƙa a ajiye ta. Baba ya ce a ajiye zuwa wata mai zuwa.

Kawu ya daina zancen aku. Ranar da ya zo dubiya, da kansa ya tambayi babban birnin wata ƙasa, Baba ya faɗa, Kawu ya ce haka ne, ya daɗe yana kallon ƙasa.

Auta ce ta kasa komawa wasan. Da safe in Baba ya ce, "Ina ɗalibata? Kawo mai wuya," sai ta ce tana zuwa, ta shige kicin. Ta je wata ganawar neman aiki, aka tambaye ta kogin da ya fi tsawo a duniya, ta san amsar tun tana shekara biyar, amma ta tsaya tana kallon hannun mai tambayar a kan tebur har ya maimaita. Takan lissafa awannin nan, daga bakwai saura zuwa goma da rabi, ta cire cunkoson hanya, ta ga abin da ya rage, har da lokacin da ta ɓata a kan takardar neman aiki, duk nata ne. Ta taɓa tambayar likitar ko da sun zo da wuri da hannun bai yi rauni haka ba. Likitar ta ce ba wanda zai iya tabbatarwa. Auta ta so a ce mata e ko a'a.

Wata rana tana tsinke zare a gefen Mama ta ce, "Mama, me ya sa ba ki matsa ba ranar nan?"

Mama ta cije zaren ta yanke. "Ku biyu kun san abubuwa da yawa. Na ɗauka akwai abin da kuka sani ban sani ba." Ta zura wani zaren a allura. "Yanzu kam ko shugaban likitoci ne ya ce min ƙalau, sai na duba faranti."

Likitar ta ce a riƙa jan hankalinsa zuwa hagu. Mama ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta kwashe kayan ɗinkinta ta koma hagun kujerarsa, a nan take wuni. Kofin shayinsa a hagu take ajiyewa, rediyo a hagu. Kullum da safe ita ke ɗaura masa agogo a hannun da ya saba, kuma ita da ba ta taɓa yi masa tambaya ba, yanzu tana da guda ɗaya da take yi masa sau ashirin a wuni.

"Malam, ƙarfe nawa?"

"Ke wai ba ki da wata tambayar? Tambaye ni nisan wata mana."

"Ban da aiki da wata. Ƙarfe nawa?"

Auta na bakin ƙofar kicin, ta daina goge kofin da ke hannunta. Baba ya kalli dama, inda babu komai sai bango. Ya yi tsaki. Sannan a hankali wuyansa ya fara juyawa, ya wuce ƙofa, ya wuce rediyo, ya sami fuskar Mama, ya gangara ya sami hannun a kan cinyarsa. Ya ɗago shi da ƙyar.

"Goma saura biyar."

"Daidai," in ji Mama, ba tare da ta ɗaga kai daga maɓallin da take ɗinkawa ba.

Sai a lokacin Auta ta saki numfashi. Ta duba agogon wayarta don ta tabbatar, ta ci gaba da goge kofin, tana jiran tambaya ta gaba.